Kofi goma a Afirka, a Olamfik kuma ko wasa ɗaya ba a ci ba: yadda ake karanta tarihin 'yan matan Kenya a ƙwallon raga

Tambaya daga wata malamar makaranta a Nima, Akra: A watan Maris na 2024 na kwashi ɗalibaina mata muka je filin wasanni na Borteyman kallon ƙwallon raga a Wasannin Afirka. An ce mana 'yan Kenya su ne sarauniyoyin wasan, amma ko wasan ƙarshe ba su kai ba. Ƙanena kuma ya ce ba su taɓa cin wasa ko ɗaya a Olamfik ba. To ina sarautar take? Me ya sa ba a jin sunan Gana? Yarana sun dame ni in kafa musu ƙungiya, ina so in san ko abin yana da makoma.

Amsa:

Malama, sannu da ƙoƙari. Kwasar yara daga Nima zuwa Borteyman, ga azumi ya kama a lokacin, ba kowane malami zai yi ba. Na shafe shekaru sama da ashirin ina koyar da 'yan mata wannan wasa a nan Kumasi, yawanci a filayen makarantu tsakanin Aboabo da Asawase, kuma na daɗe ina bin labarin Kenya kamar yadda mai kiwo ke leƙa garken maƙwabcinsa da ya fi nasa ƙiba.

Ga abin da ke rubuce. Ƙungiyar matan Kenya, wadda ake wa laƙabi da Malkia Strikers (malkia a Suwahili sarauniya ke nan), ta ɗauki kofin Afirka sau 10: a 1991, 1993, 1995, 1997, sannan 2005, 2007, 2011, 2013, 2015, sai na 2023 a Yawunde, inda ta doke Masar a wasan ƙarshe. Ba wata ƙasa a nahiyar da ta kai rabin haka. Ta je Olamfik sau 4: Sidni 2000, Atina 2004, Tokyo da aka buga a 2021, da Paris 2024. Kuma ƙanenki ya faɗi gaskiya, ba ta ci wasa ko ɗaya ba a duk zuwan nan. A Tokyo wasa biyar ta yi, a Paris uku, da Brazil da Poland da Japan, kuma ko turmi ɗaya ba ta samu ba. Turmi nake cewa da abin da ake kira set, kamar yadda 'yan dambe ke faɗi, domin haka nake gaya wa yarana kuma sun fi saurin ganewa.

Abin da kika gani a Borteyman shi ma ba mafarki ba ne. Kenya ce ta ci zinariya a Wasannin Afirka na 2015 a Birazabil da na 2019 a Rabat, amma a Akra Masar ce ta ɗauka, Kenya ta tsira da tagulla. Sarautar nan dama ba ta taɓa zama ta ƙasa ɗaya kaɗai ba. Kamaru ta riƙe kofin Afirka sau uku a jere, 2017 da 2019 da 2021, ita ce kuma ta wakilci nahiyar a Olamfik na Riyo a 2016. Aljeriya ta je na 2008 da 2012. Masar da Tunisiya kowacce ta taɓa ɗaukar kofin a baya. Har Seshel, tsibiran nan da mutanensu ba su kai na garin Ashaiman da ke kusa da Akra ba, sun ɗauka a 2001. Duk waɗanda suka je Olamfik a cikinsu hannu rabbana suka dawo. Kamaru ta ɗan leƙo nasara, ta ja Ajantina har turmi na biyar a Riyo, sannan abin ya suɓuce.

Mutane da yawa a nan sai su ce giwa a garin wani zomo ce, su kaɗe riga su tashi. Ni ban yarda a tsaya nan ba, domin Olamfik ita ce ma'auni mafi rashin adalci ga ƙungiya irin Kenya. Ƙasashe 12 kacal ke zuwa. Kujera ɗaya ake ba Afirka, sauran goma sha ɗayan kusan dukkansu manyan duniya ne. Ba a saka miki tsararki a rukuni. Kamar ki ɗauki zakaran ƙwallon ƙafa na Zango ki ce ya je ya buga da Asante Kotoko da Hearts of Oak sau uku, in bai ci ba ki ce bai iya ba.

In kina son ki ga ko ƙungiya tana motsi, gasar duniya za ki duba, inda ake samun ƙasashe masu matsakaicin ƙarfi. Kenya ta fara zuwa a 1994. Ta koma a 1998, 2002, 2006, 2010, kullum a sha kashi a dawo. Sai a 2018 a Japan ta ci wasanta na farko, ta doke Kazakistan 3 da 0. Shekara 24 ke nan ana jira. A 2022 ta doke Kamaru a Holan. A 2025 a Tailan ta doke Biyetnam, ta kuma ƙwaci turmi ɗaya a hannun Poland, wadda ke cikin manyan duniya. Akwai kuma abin da mutane ke mantawa da shi, wanda a ganina ya fi duk kofunan Afirka nauyi: a 2015 Kenya ta lashe rukuni na uku na gasar Grand Prix ta duniya, ta doke Peru a wasan ƙarshe a Kanbera ta Ostareliya. Peru kuwa ƙasa ce da ta taɓa cin azurfa a Olamfik na 1988. Ranar da labarin ya zo na tara yarana bayan la'asar na karanta musu daga waya, ba su ma san inda Peru take ba, amma sun yi ihu.

To me ke hana a haura daga nan? A nan zan ɗan zauna, domin nan ne aikina.

Duk wanda ya fara kallon wasan nan duka yake kallo. Yarinya ta yi tsalle ta dankara ƙwallo ƙasa, 'yan kallo su tashi. Don haka sai a ɗauka matsalar 'yan Afirka tsawo ne ko ƙarfi. Ba haka ba ne. Sharon Chepchumba, in ƙwallo ya zo mata daidai, dukanta bai gaza na ƙwararrun Turai ba. Mercy Moim ta yi shekaru tana jan ƙungiyar, kowa ya san hannunta. Batun tsawo kuma, Mireya Luis ta Kuba mita 1.75 ce, amma da ita Kuba ta ci zinariyar Olamfik sau uku a jere, 1992 da 1996 da 2000. Japan da Tailan ba dogaye ba ne, ga su nan suna gogayya da kowa.

Matsalar tana taɓawa ta farko. Kowace ƙungiya taɓawa uku take da shi kafin ƙwallo ya tsallaka raga: a tarbi sabis, wato bugun farko da abokan hamayya ke turowa, mai ɗagawa ta ɗaga, mai duka ta duka. In tarba ta yi kyau, ƙwallo ya sauka a kan mai ɗagawa dab da raga, to tana da zaɓi uku ko huɗu. Za ta iya ba ta tsakiya gajeren ƙwallo mai sauri, ko ta jefa gaba, ko ta wurga baya, ko ta kira wadda ke layin baya. Masu tarewa na can ɓangaren sai su rarrabu, ba su san inda za su tsaya ba, mai duka ta samu mutum ɗaya a gabanta. Amma in tarba ta kauce da mita biyu ko uku daga raga, zaɓi ɗaya ya rage: dogon ƙwallo sama zuwa gefen hagu. Kowa a zauren ya san nan zai je, har mai sayar da ruwa. Kafin ya sauko mutum biyu, wani lokaci uku, sun riga sun kafa katanga da hannuwa. Komai ƙarfinki, bango kike duka.

A Afirka Kenya tana tsira da wannan, saboda sabis ɗin da ake yi mata bai kai ya wargaza ta ba, katangar kuma tana makara ko ta bar ƙofa. Ƙarfi kawai ya isa. Amma 'yar Brazil ko 'yar Sabiya in ta tsaya sabis, ta riga ta san wace ce mai rauni a tarba, kocinta ya nuna mata a bidiyo tun jiya, kuma za ta saukar da ƙwallo a kafaɗarta ta hagu sau biyar a jere. Akwai sabis da ake bugawa ba juyi, ƙwallo ya taho yana rawa a iska kamar ganye, ya kauce a taku na ƙarshe. In kika kalli wasan Kenya da manyan nan, za ki ga ana tafiya kusan kunnen doki har wajen maki 8 ko 10, sai mutum ɗaya ta tsaya sabis a kwashe maki biyar ko shida a tashi guda. Turmi maki 25 ne, kuma tun daga 1999 kowane ƙwallo da ya faɗi maki ne ga wani. Wanda aka ba tazarar shida, da wuya ya dawo.

Tarba kuwa ba a koyon ta da wa'azi. Ido ne ke sabawa da gudun ƙwallo, kuma ba ya sabawa sai ya ga irin wannan gudu dubban sau. A nan ne tazarar gaskiya take. Tun 2018 manyan ƙasashe ke buga gasar da ake kira Nations League kusan kowace shekara. A tsarin yanzu kowace ƙungiya tana yin wasa 12 da manyan duniya kafin ma a kai matakin sili ɗaya ƙwale. Babu ƙasar Afirka a ciki. Daga nan 'yan wasansu su koma kulob a Italiya ko Turkiyya ko Brazil su yi wata bakwai suna fuskantar juna kowane mako. 'Yar Kenya kuwa wataƙila sau uku ko biyar a shekara za ta ga sabis mai wannan kaifi, kuma a ranar gasa za ta gan shi. Kafin Tokyo hukumar duniya, FIVB, ta tura musu koci ɗan Brazil, Luizomar de Moura, ya yi aiki tare da Paul Bitok, daga baya har an kai su Brazil atisaye. An ga bambanci a tsari da tsaron gida. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya, wata biyu ba sa biyan bashin shekara goma.

In kina neman shaida cewa ba jini ba ne, dubi Italiya da ta ci zinariya a Paris 2024. Gwarzuwar gasar, Paola Egonu, iyayenta 'yan Najeriya ne. Myriam Sylla iyayenta 'yan Kodebuwa ne, maƙwabtanmu. A Italiya aka haife su, suka taso a tsarin da ke ba yarinya zaure da koci da wasa kowane mako tun tana ƙarama.

Yanzu batun Gana. 'Yan matanmu ba su taɓa zuwa Olamfik ko gasar duniya a wannan wasa ba, ba su kuma taɓa ɗaukar kofin Afirka ba. Muna shiyya ta uku a tsarin hukumar Afirka, tare da Najeriya da Togo da Benin da Burkina Faso da Kodebuwa da Nijar, shiyyar da ita kanta ba ta cika cin komai a ɓangaren mata ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, ƙashin ginin da Kenya ta hau muna da irinsa. Can manyan ƙungiyoyinsu na ma'aikatu ne: Kenya Pipeline ta kamfanin bututun mai, Kenya Prisons ta gidan yari, KCB ta banki. Yarinya in ta iya wasa sai a ɗauke ta aiki, tana da albashi, safe da yamma tana atisaye, iyayenta ba su da abin cewa. Kenya Prisons ta ci kofin kulob na Afirka sau huɗu a jere daga 2010 zuwa 2013, KCB ta ci a 2022. Mu ma nan manyan ƙungiyoyinmu na masu kaki ne, soja da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da ma'aikatan gidan yari. Tsari ɗaya ne.

Bambancin yana ƙasa, a makaranta. Kenya tana da makarantun sakandare irin su Lugulu da Kwanthanze da suka mai da ƙwallon raga sana'ar gidansu, duk shekara suna yaye 'yan wasa, kulob suna jira a bakin ƙofa. Mu a nan, ki zo filin Baba Yara lokacin gasar makarantu ki ga yadda gari ke cika don guje-guje. Ƙwallon raga kuwa sai saura mako biyu gasa a tattaro dogayen aji, a ɗaura raga a jikin bishiyar mangwaro, a gama gasa a naɗe raga sai baɗi. Yawancin 'yan matan da ke zuwa hannuna sun kai shekara 15 ko 16 kafin su fara taɓa ƙwallo. A wannan shekarun 'yar Brazil ta yi shekara biyar ko shida tana tarba.

Ga kuma fili. A kan siminti muke koyo, ko a tsakuwa. Yarinyar da ta ɗaye gwiwa sau biyu a siminti ba za ta ƙara faɗuwa neman ƙwallo ba, jikinta ne zai ƙi ko da zuciyarta ta so. In ta girma aka kai ta zaure mai shimfiɗar roba, tsoron nan yana nan a ƙafarta. Na taɓa kai wata ƙungiya gasa a wani gari, aka ce za a ba mu zaure, muka isa muka tarar an yi hayarsa ga masu biki, aka tura mu filin ajiye motoci da tsakar rana. Libero ɗina, wato mai riga daban da ke tsaron baya kaɗai, yarinya ce mai zuciya, ta dawo Kumasi da hannu a naɗe, uwarta kuma ta rantse ba za ta ƙara ba. Ban ga laifin uwar ba. Shi ya sa da aka gina Borteyman na yi murna, ko da yake gini a Akra ba ya gyara gwiwar yarinya a Aboabo.

Akwai masu ganin gajeriyar hanya. A gasar Afirka ta 2021 a Kigali, Ruwanda mai masaukin baƙi ta saka 'yan wasa 'yan asalin Brazil da ba su cika ƙa'ida ba, aka kai ƙara, aka fitar da ita daga gasar a gidanta. Ba zan ƙara komai a kai ba.

Na san abin da zai fara tare ki a Nima ba tarba ba ce, iyaye ne, kuma maganar farko tufafi ce. Suna ganin 'yan gajerun wandunan nan a talabijin su ce ba da 'yarsu ba. Ki gaya musu ba dole ba ne. 'Yan matan Iran da ɗankwali da dogon hannu da dogon wando suke buga wasan ƙasa da ƙasa. Doaa Elghobashy ta Masar da hijabinta ta buga na bakin teku a Olamfik na Riyo a 2016, duniya tana kallo. Yarana duka da dogon wando suke wasa, wanda ma ya fi kare gwiwa. Ni dai abin da na koya shi ne, kar ki aika takarda gida. Ki taka da ƙafarki ki gaida Hajiya, ki ce ta zo ta gani, ki kuma tashi atisaye da wuri yadda yarinya za ta isa gida kafin magariba, kuma kar ya ci lokacin makarantar allo. Uwa ɗaya in ta yarda, ita za ta jawo miki uku. Wasan kuma ba a cakuɗa jiki da abokin hamayya, raga ce a tsakani, wannan ma yana kwantar wa iyaye hankali.

Makoma kuwa, ba zan ce miki yaranki za su je Olamfik ba. Amma na ga 'yan mata da wasan nan ya buɗe wa ƙofar sakandare mai kyau, na ga waɗanda suka buga wa jami'a, na ga waɗanda ya kai aikin kaki suke riƙe da gidajensu yau. Kuma tun daga 2025 an faɗaɗa gasar duniya zuwa ƙasashe 32, ana yi duk shekara biyu, Afirka ta samu kujeru uku, Kenya da Masar da Kamaru suka je. Kujera ta uku ba ta fi ƙarfin ƙasa irin Gana ba in aka yi shekara goma ana aiki a makarantu.

In za ki fara, ki ɗauki 'yan shekara 10 zuwa 12, kar ki zaɓi dogaye kaɗai. Ragar manyan mata mita 2.24 ce, ta yara ki sauke ta zuwa mita 2 ko ƙasa da haka, igiya ma ta isa. Cikakken fili mita 18 ne a tsawo, 9 a faɗi, amma ki raba shi ƙanana, su riƙa yin biyu da biyu ko uku da uku, domin a shida da shida yarinya sai ta yi minti biyar ba ta taɓa ƙwallo ba. Ki nemi wuri mai yashi ko ciyawa don koyon faɗuwa. Za su roƙe ki ki koya musu duka tun ranar farko. Ki ƙi. Ki sami bango mai santsi a bayan aji, ki ja layi da alli daidai tsawon raga, kowace yarinya ta riƙa mayar da ƙwallo saman layin da damatsan hannu biyu a haɗe, gwiwa a lanƙwashe, tana ƙirgawa da ƙarfi. Wadda ta kai 50 ba tare da ya faɗi ba, ita za ki fara bari ta je raga. A wajena yawanci sai an yi wata biyu kafin ta farko ta kai, kuma sau da yawa ba doguwar ba ce.